Sharhi: Shekara biyar a kundi, wata shida a kotu: wa ke cin gajiyar sassauci a Keffi?

Kafin wayewar garin Talata, 12 ga Agustan 2025, fursunoni 16 suka fi ƙarfin jami'an da ke bakin aiki a sabon gidan gyaran hali na Keffi da ke Jihar Nasarawa, suka tsere. Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya ta ce jami'anta biyar sun ji rauni, kuma an sake kama bakwai daga cikin waɗanda suka gudu. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan tsayin katanga da yawan gandirobobi da kayan tsaro. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce su wane ne suka cika ɗakunan, kuma wane irin hukunci ne ya kai su can.

Keffi na da gidajen gyaran hali biyu, tsoho da sabo, kuma tazarar garin da Abuja ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba. Saboda haka kotunan Mararaba da Masaka da sauran garuruwan da suka tsiro a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, har ma da wasu kotunan yanki na Babban Birnin Tarayya, can suke tura mutanen da suka ɗaure ko suka ba da ajiyarsu. Mai bibiyar rahotannin waɗannan kotuna ya san yadda akasarin labaran suke: matashi ne, lebura ko ɗan acaɓa ko marar aikin yi, ana tuhumarsa da satar wayar salula ko rodi ko wayar lantarki. An karanta masa rahoton farko na 'yan sanda, ya amsa laifi, ya roƙi sassauci. Alƙali ya yanke masa 'yan watanni, ya ba shi zaɓin biyan tara, ya gargaɗe shi da kada ya sake.

Wanda ya buɗe kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Arewacin Najeriya tun 1960, zai ga lissafi daban. Sashe na 287 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga ɓarawo, ko tara, ko a haɗa masa duka biyun. Idan a cikin gidan da mutane ke zaune aka yi satar, sashe na 288 ya kai abin shekara 7. Cin amana, a sashe na 312, shi ma shekara 7 ne. Karɓar kayan sata, a sashe na 317, na iya kai mutum shekara 14 a kurkuku, abin da ke nuna cewa masu rubuta dokar sun fi jin haushin mai saye a kan mai ɗauka. Zamba kuwa, a sashe na 322, iyakarta shekara 3.

Ratar da ke tsakanin shekara 5 da wata 6 ita ce ke sa wasu mutane zargin alƙalai da sakaci, ko da abin da ya fi sakaci muni. A mafi yawan irin waɗannan ƙananan shari'u, zargin bai da tushe. Adadin da ke cikin kundi iyaka ce da aka gindaya domin mafi munin nau'in laifin, wadda ba a so alƙali ya ƙetare ta. Ba a rubuta shi domin a riƙa lafta wa kowa ba. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda aka fi sani da ACJA, ta fito fili a sashe na 416 ta hana kotu yanke iyakar hukunci a kan wanda wannan ne laifinsa na farko. Sashen ya kuma ce a lissafa kwanakin da mutum ya yi a tsare yana jiran shari'a, sannan a keɓe ɗauri ga waɗanda ya zama dole a raba su da jama'a, waɗanda sauran hanyoyin horo ba su yi musu amfani ba ko kuma ba a sa ran za su yi. Wannan doka ce ke aiki a kotunan Abuja da na tarayya, kuma Nasarawa, kamar sauran jihohi, ta yi tata a kan wannan tsari. Ban da haka, kowace ƙaramar kotu tana da iyakar ɗaurin da darajarta ta ba ta ikon yankewa.

Ke nan alƙalin da ya ba ɓarawon waya wata shida doka ya bi. Matsalar tana wajen tambayar ko sassaucin da aka rubuta a takarda yana isa ga wanda aka yi shi dominsa.

A watan Nuwamban 2023, Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da shirin sakin fursunoni 4,068 a gidan gyaran hali na Kuje. Dukkansu mutane ne da kotuna suka ba zaɓin biyan tara ko diyya wadda ba ta haura naira miliyan 1 ba, suka kasa biya. Kuɗin da aka tara daga kamfanoni da masu hannu da shuni domin fansarsu naira miliyan 585 ne. Idan aka raba wannan kuɗi a kan adadin mutanen, abin da ya faɗa kan kowane ɗaya bai kai naira 150,000 ba. A lokacin, ministan ya ce akwai mutum 80,804 a gidaje 253 waɗanda ba a gina su domin su ɗauki mutum 50,000 cikakku ba.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ita ce, a cikin kowane fursuna 20 da ke ƙasar nan a wancan lokaci, akwai ɗaya da alƙali ya riga ya yanke cewa zamansa a waje ba barazana ba ne ga kowa. Da ya ga hatsari a tattare da shi, da bai ba shi zaɓin tara ba. Rashin kuɗi ne kawai ya riƙe shi.

A ɗauki misalin mutum biyu da aka gurfanar rana ɗaya kan laifi iri ɗaya, aka yanke wa kowannensu wata 6 ko tarar naira 30,000. Na farkon yana da yaya mai shago a Mararaba, kafin la'asar an biya, ya kwana a gida. Na biyun ɗan ci-rani ne da ya zo neman aikin gini, danginsa na can wata jiha mai nisa, ƙila ma ba su san an kama shi ba. Shi motar gidan yari za ta ɗauka zuwa Keffi. A kundin kotu hukuncinsu ɗaya ne, har za a iya cewa an yi wa dukkansu rangwame. A zahiri ɗaya ya yi asarar abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, ɗayan ya yi asarar rabin shekara, da aikinsa, da ɗakin da yake haya, sannan ya fito da sunan tsohon fursuna. Gwamnati kuma, wadda ta ƙara kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana, za ta kashe sama da naira 200,000 a kan abincinsa kaɗai idan ya cika kwana 180. An kashe kusan ninki bakwai na tarar domin a hukunta mutum saboda ya kasa biyan ta.

Dokar 2015 ta hango wannan, domin ta umarci kotu ta dubi ƙarfin aljihun wanda za a ci tara kafin ta faɗi adadi, ta kuma ba da damar a ba shi lokaci ko ya biya kaɗan-kaɗan. Sai dai shari'ar da aka fara aka gama cikin 'yan mintuna, wadda wanda ake tuhuma ba shi da lauya, ba ta barin sararin da za a binciki abin da mutum ke samu a wata. Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan ƙulli. Finland tun 1921, Jamus kuma tun 1975, suna auna tara ne da kwanaki: girman laifi shi ke nuna kwana nawa, kuɗin shigar mai laifi kuma shi ke nuna farashin kowace rana. Da haka attajiri da talaka ke jin zafi daidai gwargwado. A ƙasar da mafi yawan mutane ba su da takardar albashi, kwaikwayon wannan tsari ba zai zo da sauƙi ba, amma tambayar mutum sana'arsa da abin da yake samu a rana kafin a yanke adadi ba ta buƙatar sabuwar doka.

Akwai wata hanya ta uku tsakanin tara da ɗauri. Sashe na 460 na dokar ya ba kotu ikon yanke ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ta sa mai laifi ya yi wa al'umma hidima, kamar share kasuwa ko harabar kotu ko yashe magudanar ruwa. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari, ta kafa sashe na musamman domin kula da irin waɗannan hukunce-hukunce na wajen kurkuku. Amma sashen na 460 ya rufe wannan ƙofa ga laifin da aka yi da makami, da laifukan lalata, da kuma laifin da hukuncinsa ya haura shekara 3. Ana iya karanta wannan jimla ta ƙarshe ta fuska biyu. Idan ana nufin hukuncin da alƙali ya ga ya dace da mutumin da ke gabansa, ɓarawon waya ya shiga. Idan kuwa iyakar da ke cikin kundi ake nufi, sata mai shekara 5 ta fita, zamba mai shekara 3 ta tsaya a ciki.

Wannan bambanci ya fi ƙarfin gardamar lauyoyi. Dokar Zamba Cikin Aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Duk da haka, sau da yawa matasan da hukumar EFCC ke kamawa da damfara ta intanet kan fita daga kotu da ɗaurin wata shida ko shekara ɗaya tare da zaɓin tara, wasu ma hidimar al'umma kawai. Hanyar ita ce yarjejeniyar amsa laifi domin samun sassauci, wadda sashe na 270 ya halatta: wanda ake tuhuma ya amsa, ya mayar da kuɗi, ya sallama waya ko kwamfuta ko mota, mai gabatar da ƙara kuma ya sauya tuhumar zuwa wani sashe mai sauƙi, kamar zamba a Final Kod. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan wannan tsari, domin ana dawo da dukiya, kotu na samun sauƙin aiki, kuma jefa ɗalibi ɗan shekara 22 a kurkuku na shekara 7 ba lallai ya amfani kowa ba. Abin lura shi ne wanda ya damfari wani dubban daloli yana da lauya da zai zauna a yi ciniki da shi, shi kuwa wanda ya ɗauki buhun siminti ba ya samun kowa a gefensa sai ɗan sandan da ya kawo shi.

Misalin da ya fi fito da ƙarfin alƙalamin mai rubuta tuhuma shi ne na John Yakubu Yusuf, tsohon jami'i a ofishin fanshon 'yan sanda. A watan Janairun 2013 ya amsa laifuka uku a gaban Mai Shari'a Abubakar Talba na Babbar Kotun Abuja, kan kuɗin da ya haura naira biliyan 20. An yanke masa shekara 2 a kan kowace tuhuma ko tarar naira 250,000, jimla 750,000. Ya biya nan take ya tafi gida. Ƙasa ta ɗauki zafi, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta dakatar da alƙalin na shekara guda. Abin da hayaniyar ta binne shi ne cewa sashe na 309 da aka tuhume shi da shi iyakarsa ke nan, shekara 2. Sashe na 315, wanda ya shafi cin amana daga ma'aikacin gwamnati, yana kai wa shekara 14, amma ba a kansa aka amsa laifin ba. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara 6 tare da umarnin biyan naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 2022. Yusuf ma mai laifin farko ne a idon doka, daidai da leburan da ke kwance a Keffi.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, akan ji kiran a ɗaure hannun alƙalai, a rubuta mafi ƙarancin hukunci a cikin doka ta yadda babu mai iya sauka ƙasa da shi. Najeriya ta gwada wannan magani, kuma an ga abin da ya haifar. Dokar Fashi da Makamai ta 1984, wadda aka gada daga mulkin soja, ta ce fashi ba zai gaza shekara 21 ba, idan kuma da makami ne, kisa. Ba ta bar wa mai laifin farko wata kafa ba. Segun Olowookere yana ɗan shekara 17 aka kama shi a Jihar Osun a 2010, kan fashin da abin da aka fi ambata cikin kayansa kaji ne. A Disamban 2014 kotu ta yanke masa hukuncin kisa, alƙalin da kansa ya ba da shawarar gwamna ya sassauta. Sai da ya shekara goma yana jiran hauni kafin Gwamna Ademola Adeleke ya yi masa afuwa a Disamban 2024.

Dokar hukumar NDLEA ta nuna ɗaya fuskar. Sashe na 19 ya ce wanda aka samu da hodar iblis ko makamantanta ba bisa ƙa'ida ba zai sha ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba kuma bai wuce 25 ba. Hukunce-hukuncen da ke fitowa daga Babbar Kotun Tarayya a kan ƙananan masu laifi da suka amsa tuhuma sau da yawa ba sa ko kusantar wannan adadi, har shugaban hukumar, Buba Marwa, ya sha kokawa kan zaɓin tara da ake ba dillalan ƙwaya. Idan doka ta yi tsananin da alƙalai da masu gabatar da ƙara ba su yarda da adalcinsa ba, sukan nemi hanyar zagaye ta. Daga nan sassauci ya tashi daga fili, inda za a iya ɗaukaka ƙara a kansa, ya koma bayan ƙofa, inda ba kowa ke da mabuɗi ba.

Ita kanta kalmar "laifin farko" tana tsaye ne a kan ƙasa mai laushi. Kafin yanke hukunci, alƙali kan tambayi mai gabatar da ƙara ko wanda ake tuhuma yana da tarihin laifi. Sashe na 16 na dokar 2015 ya ce a kafa babbar ma'ajiyar bayanan masu laifi a hannun rundunar 'yan sanda, wadda za a riƙa aika wa hukuncin kowace kotu. A ƙananan kotuna dai, abin da aka fi dogara da shi shi ne bakin ɗan sandan da ke gabatar da ƙarar. A yankin da mutum zai iya kwana a Nasarawa, ya yi aiki a Abuja, ya yi cefane a Neja duk a yini ɗaya, ba wuya wanda aka taɓa ɗaurewa a Suleja ya bayyana a Masaka a matsayin sabon shiga. Wannan na cutar da wanda da gaske ne yau ya fara, domin alƙalin da ba shi da hanyar tantancewa yakan yi taka-tsantsan da kowa.

Sannan akwai waɗanda duk wannan lissafi bai ma iso kansu ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya masu jiran shari'a ne. Wanda ya musanta tuhumar sata, ya kasa cika sharaɗin beli, zai iya yin shekara a tsare kan laifin da maƙwabcinsa a ɗaki ya amsa aka ba shi wata uku. Fursunoni sun san wannan lissafi sarai, kuma yana tura wasu su amsa abin da da suna da lauya da sun yi jayayya a kansa. Zagayen da Babban Jojin jiha ke yi lokaci-lokaci a gidajen Keffi da Lafiya da Wamba da Nasarawa, inda ake sallamar wasu, yana rage cunkoso na ɗan lokaci, amma kotunan da ke ƙasa na ci gaba da cike gurbin a mako mai zuwa.

Babbar Kotun Abuja ta fitar da ƙa'idojin yanke hukunci a 2016, zamanin Mai Shari'a Ishaq Bello, waɗanda ke nuna wa alƙali mataki-mataki yadda zai auna girman laifi da ɓarnar da ya jawo, da abin da ke ƙara nauyi da abin da ke ragewa. A Ingila, inda Majalisar Tsara Hukunci ke wannan aiki tun 2010, kowa ya san cewa amsa laifi da wuri na rage har kashi ɗaya cikin uku na hukunci, ko da lauya ko babu. Amfanin irin wannan ƙa'ida shi ne ta mayar da rangwame hakki sananne maimakon sa'a. Ga gidan yari irin na Keffi, wanda ke karɓar mutane daga kotunan hukumomi biyu, rashin ma'auni ɗaya na nufin mutum biyu za su iya kwana a tabarma guda kan laifi iri ɗaya, ɗaya na ƙirga makonni, ɗaya na ƙirga shekaru, saboda kawai a wane gefen iyakar Nyanya da Mararaba aka kama su.

Batun kuɗi ne zai iya motsa jihohi. A watan Maris na 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, aka mayar da harkar gidajen gyaran hali cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da iko a kansu tare. Mafi yawan fursunonin ƙasar nan dokokin jihohi suka karya, kotunan jihohi ne kuma suka tura su, amma Gwamnatin Tarayya ce ke ɗauke da abincinsu da tsaronsu. Jihar da kotunanta suka ɗaure mutum saboda naira 30,000 ba ta ganin takardar kuɗin ciyar da shi, kuma ba ta da wani dalili na aljihu da zai sa ta ɗauki ma'aikatan da za su sa ido a kan masu hidimar al'umma. Dokar 2019, a sashe na 12, ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika maƙil, bayan ya sanar da Babban Joji da Kwamishinan Shari'a. Ranar da aka yi amfani da wannan iko a ƙofar Keffi, kotunan Mararaba da Masaka za su nemi inda za su kai ɓarawon wayar da ba shi da kuɗin tara.